Ranar saukowar shanu a Allgäu

Tun da na zo Jamus aikin kula da tsofaffi a Kempten, wani gari a yankin Allgäu na kudancin ƙasar, rayuwata daga wurin aiki sai ɗaki sai ajin Jamusanci, mutanen nan ba su da saurin sakin jiki da baƙo, ka gaishe su su amsa a taƙaice kowa ya kama gabansa. To a watan Satumba wata abokiyar aikinmu, babba ce don ta kai sa'ar Innata, ta matsa lallai sai na bi su garin Bad Hindelang kallon Viehscheid, wato bikin saukowar shanu daga tsauni, yawanci ranar 11 ga wata ake yinsa.

Yadda abin yake, idan zafi ya shigo manoma na damƙa shanunsu, yawanci ƙanana, hannun makiyaya su hau da su saman tsauni su yi kiwo wajen kwana 100, kafin sanyi ya kama sai a sauko da su kowa ya karɓi nasa. Tun kafin ka hango garke za ka ji ƙarar, kowace an rataya mata ƙatuwar ƙararrawa a wuya, wlh har a ƙirjinka kake jin abin. Saniyar da ke gaba an yi mata ado da furanni da ɗan madubi da gicciye a ka, amma fa sai garken da ya dawo lafiya lau ba a rasa ko ɗaya ba ake wa wannan adon. Wani garken ya wuce haka nan ba ado, na tausaya wa makiyayin sosai.

Wurin rabo ne ya fi kama ni. Ana shigo da su ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar hanya, makiyayi ya kalli saniya ya ɗaga murya ya kira sunan mai ita, kamar dai yadda Bafulatanin da ke riƙe da shanun Babanmu yake gane ta kowa idan sun dawo gida da damina. Amana ce, kuma a nan gari guda ke fitowa da kayan gargajiya da masu busa don girmama wanda ya riƙe ta.

A cikin babbar rumfa ana ta shan giya, ni dai ruwan tuffa na sha da wata taliyarsu mai cuku da albasa, Kässpatzen, bayan na tabbatar ba alade a ciki. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaye ni ko muna da shanu a ƙasarmu, na nuna masa hoton farin bunaji a waya, ai kuwa sai ya kira abokansa suka taru a kan tozon da ƙahon suna ta tambaya, me suke ci da rani, madara nawa ake tatsa.

Gonarsa ba nisa da Kempten. Yanzu duk Lahadin da ba ni da aiki can nake zuwa in taya shi zuba ciyawa, shi kuma yana gyara min Jamusancina.