Rubuta inda ka samo kafin ka rufe littafin

Ƙannena masu fara rubuta asainmen da furojet, bari in gaya muku abin da ya same ni don kar ya same ku.

Lokacin da nake rubuta kundina na digirin farko, in na ga magana mai ma'ana a littafi sai kawai in kwafe ta a jota, ba sunan marubuci ba shekara ba shafi, ina ce wa kaina ai zan tuna. Bayan wata huɗu na zo haɗa babi na biyu, wallahi na kasa gane wace jimla ce tawa wacce ce ta mutane, haka na zuba wasu ba alamar zance, supabaizata ta ja musu layi da jan biro ta ce ko da gangan ko ba da gangan ba sunan abin nan satar fasaha. Sati uku na yi ina zarya a laburare ina neman shafukan da da minti ɗaya ya isa in rubuta su.

Amma wanda ya fi min ciwo har yau, na kafa hujja da littafin da ban taɓa riƙewa a hannuna ba. Na ga wani ya kawo maganar a muƙalarsa, sai na ɗauki suna da shekara na saka a manazarta kamar ni na karanta. Ranar difens wani malami da ya san littafin ya tambaye ni a wane babi marubucin ya faɗi haka, na yi shiru, ashe mai muƙalar rabin maganar ya yanko, shi marubucin sukar ra'ayin ma yake yi. Abin takaicin, akwai halastacciyar hanya fa. A tsarin APA, ɗaya daga cikin tsare-tsaren ambaton madogara, sai ka ambaci na asalin, ka ce kamar yadda wane ya kawo, a manazarta kuma wanda ka karanta ɗin kaɗai zai shiga. Wannan ba abin kunya ba ne, ni dai ban sani ba ne, kuma ban tambaya ba.

Sannan don Allah ku cire wa ranku cewa canza kalmomi yana sa ra'ayi ya zama naku. Ko da bakinka ka sake faɗa, suna da shekara dole ne. In kuma kalma da kalma ka ɗauko to sai alamar zance da lambar shafi, a tsarin APA in maganar ta kai kalma 40 a ware ta a sakin layi nata daban. Bugu na 7 na APA da ya fito a 2019 ya ce marubuta uku zuwa sama sunan na farko kawai za ka sa da et al. (wato "da sauransu") tun ambaton farko, shi kuwa MLA, wani tsarin daban, suna da shafi yake so a cikin rubutu, ba shekara. Ka tambayi dipatmen ɗinku wanne suke bi tun kafin ka fara, kar ka gauraya.

Yanzu Zotero nake amfani da shi, manhajar adana manazarta, kyauta ne, ina buɗe muƙala nake adana ta a ciki. Bayanin manazarta da Google Scholar, shafin neman muƙalu, ke haɗa maka ma yana taimakawa amma wani lokacin yakan juya suna ko ya bar shafuka, don haka ni sai na buɗe shafin farko na muƙalar na gwada da idona kafin in kwafa.