Godiya bayan saukowata daga Kilimanjaro

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi an sallamo ni daga asibiti a Moshi, garin da ke gindin dutsen Kilimanjaro, jiki ya yi sauƙi sosai, shi ne na ce bari in fito in yi godiya tunda ba zan iya bin kowa ɗai-ɗai ba.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai ce ai Tanzaniya ce, zafi ne kawai. Ina! A gindin dutsen kurmi ne da ruwan sama da laka, gumi na zuba, kana ƙara hawa bishiyoyi na gajarcewa har su ƙare ƙaƙaf, sai ka tsinci kanka a hamadar baƙaƙen duwatsu, da rana fata ta ƙone, dare na yi ruwan gorarka ya daskare. Dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da lafawa, kawunansa uku, Kibo da Mawenzi da Shira, kuma tsakuwa da tokar da ya amayar tun zamanin da su ke zame maka a ƙafa, ka yi taku biyu ka koma ɗaya.

Da tsakar dare muka bar sansanin Barafu za mu ƙololuwar Uhuru, mita 5,895, inda iskar da ke shiga huhu kusan rabin ta ƙasa ce. Muna isa Stella Point, wani wuri dab da ƙololuwar, kai ya sara, ga amai, ga numfashi sama-sama. Jagoranmu ya haska min tocila ya ga leɓena sun canja kala, ya ɗana min na'urar auna iskar da ke cikin jini a yatsa, ya ce sauka yanzu-yanzu ba jayayya. Wallahi bawan Allahn nan ya san aikinsa. 'Yan dako biyu suka rirriƙe ni suka gangaro da ni a kan tsakuwar nan, ɗaya har ya cire safar hannunsa ya sa min a wannan uban sanyi. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya yi wa sana'arku albarka.

Kafin mu juyo na hango katangar ƙanƙarar saman, wadda sama da kashi 80 cikin 100 nata ya narke daga 1912 zuwa yau, abin ya taɓa min zuciya matuƙa.

Likitoci da nas-nas, na gode. Abokan tafiyata da suka fasa ƙarasawa saboda ni, ban da bakin gode muku. Masu kira da saƙo da addu'a duk na gani, ku yi haƙuri, in sha Allahu zan neme ku da zarar muryata ta dawo.