Yau na je Chéticamp

Asabar da dare. Yanzu muka shigo daga Chéticamp, jikina duk ya yi tsami amma sai na rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni. Tun da na zo karatu tsibirin Cape Breton a gabashin Kanada nake jin wai akwai wani ƙauyen masunta a yammacin tsibirin da ake Faransanci zalla, ni kuwa wata nawa ke nan Turanci ya ishe ni, to yau da abokina ya samu mota bayan asuba muka kama hanya daga Sydney ta nan tsibirin, awa biyu da wani abu.

Garin siriri ne, ya miƙe a bakin teku kan titi ɗaya, duwatsu a bayansa, a gabansa kuma wani tsibiri ya kwanta ya tare masa igiyar ruwa, shi ya sa jiragen kamun kifi ke samun wurin fakewa. Iska kam ba a magana. Suna da wata da suke kira suête mai gangarowa daga kan duwatsu, wani lokaci tana wuce kilomita 200 a awa, ta yau ƙanwarta ce ma amma sai da na riƙe hulata.

Mun shiga wani ɗan gidan abinci na ce bonjour, tsohuwar da ke wurin ta amsa, wallahi sai da na kasa kunne sosai, don ba irin Faransancin da muka koya a lakwal a Maradi ba ne, maimakon maintenant sai ta ce asteure. Ta tambaye ni daga ina, na ce Nijar, ƙasar da ba ta da teku ko kaɗan, ta riƙe baki. Na ce mata Mama ki ba ni labarin garin nan, ta jawo kujera.

Ta ce mutanen garin Akadiyawa ne, jikokin Faransawan da Turawan Ingila suka kora daga gonakinsu a 1755, aka loda su a jiragen ruwa aka watsa su uwa duniya, da yawa suka mutu a hanya. Sai wajen 1782 wasu suka fara zama a nan, a 1790 aka ba magidanta 14 takardar fili, har yau les quatorze vieux ake ce musu, tsofaffi goma sha huɗu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne zancen kamfanin Charles Robin, ɗan kasuwa daga tsibirin Jersey da ke tsakanin Ingila da Faransa, a wancan zamani shi ke sayen kifin morue da suka kamo su shanya da gishiri, kuma a kantinsa suke ɗaukar kaya bashi, mutum ya shekara cikin ruwa bashin bai ƙare ba. Na san irin wannan a wurin manomanmu masu cin bashi kafin kaka, raina ya ɓaci gaskiya. Kifin ma ya yi ƙaranci har gwamnati ta hana kama shi farkon shekarun 1990, yanzu kaguwa da lobsta ne ke riƙe da garin.

Daga nan muka taka zuwa cocin Saint-Pierre da aka gina a 1893. Duwatsun ginin daga tsibirin nan da ke gaban garin aka sassaƙo su, aka jira hunturu ruwa ya daskare, suka jawo su da dawakai a kan ƙanƙara. Na daɗe tsaye ina kallon tazarar.

A Les Trois Pignons, gidan tarihin garin, mun ga dardumomin ulu da matan garin ke yi da ƙugiya, har da na Elizabeth LeFort mai fitar da fuskar mutum kamar hoto. Aka kuma ba mu labarin Mi-Carême, a tsakiyar azuminsu sai su rufe fuska su sa kayan ban dariya su bi gida gida masu gida na cankar ko wane ne. Na ce kai wannan ai tashe ne! Kewar gida ta kama ni nan take.

La'asar a bayan mota na yi ta, kusa da ruwa, na danne sallayar da takalmina saboda iska. Na sayo wa Inna ƙaramar darduma mai hoton jirgi, gobe in na kira ta zan nuna mata a bidiyo.