Kwana Biyu a Jodhpur, Garin Sarakunan Marwar

Jinyar yayana ce ta kai ni Indiya. Da likita ya ce sai bayan mako guda za a sake duba shi, yayan da kansa ya ce in je in buɗe ido. Na shiga jirgin ƙasan dare daga Delhi, gari na wayewa sai ga ni a Jodhpur, babban birnin tsohuwar masarautar Marwar, a bakin hamadar Thar. Busasshiyar iska mai ƙura ce ta tarbe ni, sai ka ce Kano a hunturu.

Mai a-daidaita-sahun da na tare ya ga baƙo, ya yanka min kuɗi ninki uku, yana magana yana kallon gefe. Wanda ya tashi a Kurmi ba a yi masa haka. Na juya zan tafi, ya biyo ni da kansa.

Fadar Mehrangarh tana bisa wani dutse da ya ɗara gari da fiye da mita 100. Rao Jodha, na zuriyar Rathore, shi ya kafa ta a 1459, lokacin da ya baro tsohon birninsu na Mandore. Nan na tsaya ina lissafi da yatsu: shekara huɗu ke nan kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano. Ashe Gidan Rumfa da wannan fada kusan sa'annin juna ne!

Ƙofar ƙarshe, Loha Pol, an dasa mata ƙusoshin ƙarfe don kada giwayen abokan gaba su banke ta. A jikin bangonta akwai sawun tafin hannu ƙanana, an shafe su da jan launi, na matan Maharaja Man Singh da suka bi gawarsa cikin wuta a 1843. Na daɗe a wurin. Wasu hannuwan ba su fi na ƙanwata ba. Mutane suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa na kasa ɗaga waya.

A ciki akwai takubba, da shimfiɗun jariran sarauta, da kujerun hawa giwa, har da ta azurfa wadda Shah Jahan, sarkin daular Mughal ta Indiya, ya ba Jaswant Singh, sarkin Jodhpur. Dogaransu ma da rawani suke, ja da ruwan ɗorawa, sai dai babu amawali. Labarin sarautar bai yi min baƙo ba. A 1818 sarakunan Jodhpur suka ƙulla yarjejeniya da Turawan Ingila, aka bar sarki a kan gadonsa amma linzami yana hannun Bature. A 1947 Sarki Hanwant Singh ya shigar da masarautar cikin Indiya, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1952, aka naɗa ɗansa Gaj Singh yana ɗan shekara huɗu. A 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke albashin sarakuna da matsayinsu. Gaj Singh bai bar gidan kakanninsa ya zube ba, ya mai da shi gidan tarihi, kuɗin masu ziyara suna riƙe da shi. Ina leƙen shuɗayen gidajen garin daga saman katanga, ganuwarmu da ake ta cinyewa da gine-gine ta faɗo min a rai, raina ya ɓaci sosai.

Da la'asar na shiga kasuwar Sardar ina neman masallaci. Wani dattijo marini, musulmi, ya ji sallamata ya ce, "Bhai sahab, daga ina?" Ya raka ni muka yi salla, ya zaunar da ni a shagonsa, ya aiko da lassi, kindirmo mai kauri da saffron, da soyayyen barkono cushe da dankali. Na nuna masa hoton marinar Ƙofar Mata, ya kira 'ya'yansa su gani. Mayafai biyu na saya, na uku ya ce in kai wa mai jinya, ya ƙi karɓar ko sisi.

Washegari na leƙa Umaid Bhawan, fada mai ɗaki 347 da aka fara a 1929 don a samar wa talakawa aiki lokacin fari. Wani ɓangarenta otal ne yanzu, kuɗinsa ba na irinmu ba. Da dare na koma Delhi, na tarar yaya ya fara takawa da kansa.