Daga Kano zuwa Hawan Kibo a kan Vulcan S

Hanya biyu mutumin Kano ya fi bi idan zai je Jos. Ko ya miƙe har Zariya ya karya ta Pambeguwa, ko kuma ya saki titin Zariya tun daga Kwanar Dangora, ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya faɗo Saminaka. Ta Falgore muka ɗauka, tafiyar wajen kilomita 300, a lokacin kaka, hazo ya fara sauka amma sanyi bai kankama ba.

Babura huɗu ne a ayarin. Alhaji, babbanmu, yana kan Ducati Diavel. Autanmu yana kan Honda Rebel 500. Ni ina kan Kawasaki Vulcan S da na saya na hannu. Sai makaniken da ke duba mana baburan, wanda kowa ke ce wa Oga, shi kaɗai ne ya fita daga sahu, domin Versys 650 yake hawa, dogon babur irin na masu yawon duniya. Da gangan muka gayyace shi. Injin Versys ɗinsa da na Vulcan ɗina 'yan gida ɗaya ne, silinda biyu mai cc 649 da aka ɗauko daga Ninja 650, jiki ne kawai ya bambanta. Saboda haka duk gardamar da za a yi a hanya, ba wanda zai fake da inji.

Irin baburanmu ukun nan haɗin gambiza ne. An ɗauki zaman babur irin na Amurka, mazauni a ƙasa-ƙasa, ƙafa a gaba ko kusa da haka, mutum ya zauna kamar wanda ya kishingiɗa a kujerar falo, sai aka saka masa inji da birki irin na baburan tsere. Yamaha ta nuna hanyar da V-Max a 1985, Ducati ta zo da Diavel a 2011, Kawasaki ta fito da Vulcan S a 2015, Honda kuma ta biyo da Rebel 500 a 2017.

Daga Na'ibawa zuwa Kwanar Dangora ba abin da zan ce sai sambarka. Titin a sabunce yake, kwalta sumul, kuma a irin wannan wuri ne babur ɗin ke nuna abin da aka ƙera shi dominsa. Ka sa giya ta shida ka bar shi, idan tirela ta tare gaba ka ɗan murɗa hannu, kafin ka ankara ka wuce ta. Muka ratsa Kura, muka wuce gonakin rani na Kadawa da ruwan Tiga ke ciyarwa. Abu guda ne ya fara damuna tun a nan, wato iska. Ba gilashi a gaba, ƙirji a buɗe, hannuwa a ware, da zarar gudu ya haura 110 sai ka ji kana riƙe kan babur ne don kada a ture ka baya. Autanmu ya fi kowa shan wannan, don shi siriri ne.

A wajen mai shayi a Kwanar Dangora yara suka yanyame mu, kuma kamar kullum Diavel suka nufa. Tayarsa ta baya faɗinta milimita 240 ne, wani yaro ya rantse tayar mota ce aka saka. Wani dattijo da ya jingine Boxer ɗinsa da buhu biyu a baya ya zagaya baburan a tsanake, sannan ya dubi Alhaji.

"Alhaji, wannan buhu nawa yake ɗauka?"

"Baba, ko ɗaya. Ni kaɗai yake ɗauka."

"To Allah Ya sanya alheri," in ji shi, ya koma kan shayinsa.

Daga Tudun Wada labari ya sauya. Inda kwalta ke da kyau tana da kyau, inda ta fashe kuwa ramuka ne a jere, wasu sai ka zo daf da su kake gani saboda inuwar itatuwa. A nan ne na fahimci abin da Oga ya daɗe yana faɗa a garejinsa. Mai babur idan ya hango rami, dabararsa ita ce ya ɗan miƙe a kan matakan ƙafa, gwiwoyinsa su shanye dukan. Wannan yana yiwuwa ne idan matakan suna ƙarƙashinka. A Vulcan suna gaba, ba yadda za ka ɗaga jikinka, don haka duk abin da taya ta taka, ƙashin bayanka ne zai karɓa. Ga shi motsin da shoka ke ba tayar baya sama da ƙasa bai wuce milimita 80 ba, na Versys kuwa ya kusa ninka haka. Ina kallon Oga a gabana yana tsaye cak a kan babur yana ratsa wuraren da ni sai na sauko giya ta biyu ina kewaye-kewaye. Autanmu ya ɗan fi ni sauƙi, domin matakan Rebel a tsakiya suke, amma shi ma fuskarsa ta nuna.

Sai kuma tudun rage gudu da kowane ƙauye ke ginawa yadda ya ga dama. Tsakanin cikin Vulcan da ƙasa milimita 130 ne, Versys kuma 170. Bambancin yatsu biyu ne a ido, amma shi ne tsakanin wucewa lafiya da jin ƙarar ƙarfe a ƙarƙashinka. Dole ka rage gudu ƙwarai ka hau shi a karkace.

Amma dajin Falgore ya ba mu namu rabon. Akwai shingayen jami'an tsaro, kuma a arewacin Najeriyar yau, ayarin babura a daji ba abin da soja zai ɗaga wa hannu ya wuce ba ne. A kowane shinge sai mun tsaya, mun cire hular kwano, mun nuna takardu. Gefen titin yashi ne da tsakuwa. Mazaunin Vulcan tsayinsa milimita 705 ne kacal, na Rebel 690, ƙafafunmu biyu a shimfiɗe a ƙasa. Oga kuwa, da mazauni mai tsayin kusan 840, da kan yatsu yake dogarawa, sai ya zame gefe guda kafin ya samu ƙasa. Babur ɗina ya haura kilo 220, ya ma fi nasa nauyi kaɗan, amma nauyin a ƙasa yake, ba ya rinjayar mutum. Autanmu ya ce wannan kaɗai ya sa ya sayi Rebel. Shi daga roba-roba ya taso, babban babur yana ba shi tsoro, ranar da ya zauna a kan wannan ya ji tafin ƙafarsa a ƙasa sai tsoron ya tafi. Wani soja ya tambayi Alhaji gudun Diavel, Alhaji ya ce, "Yallaɓai, ban taɓa kai shi ƙarshe ba, ina da iyali." Aka yi dariya aka buɗe mana.

Saminaka cike take da motocin masara, lokacinta ne. Muka sha mai a nan, ba don ya ƙare ba sai don tankin Rebel lita 11 ne da 'yan kai, nawa 14, na Diavel 17 amma ya fi kowa zuƙa, Oga kuwa da lita 21 ko kallon famfon bai yi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 hirar mai ta shiga bakin kowane mai babur, har masu kuɗin. Sai dai abin da ya fi tsada a wajenmu shi ne ingancin man. Baburan nan duk injakta ne, ba kafireto ba. Man 'yan bumburutu da Boxer zai sha ya yi gaba abinsa, idan da datti ko ruwa a ciki, mu sai ya toshe mana famfon mai, kuma ba a gyara wannan a gindin bishiya.

A kan wannan ne gardama ta ɓarke muna cin abinci. Oga ya ce shi bai ga hikimar sayen babur ɗin da aka ƙera don titunan Turai a kawo shi nan ba. Ya lissafo: tayar gaban Vulcan inci 18 ce, ba kowane mai taya ke ajiye ta ba, ko a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa sai an dace, galibi sai an aiko daga Legas. Tayar bayan Diavel kuwa sai an yi oda, kuma injin Ducati yana da nasa tsarin bawul da ba kowane makanike ke iya taɓawa ba. Ga lagireto da fanka, idan aka shiga cunkoson Kano da rana zafin injin a cinyarka yake ƙarewa.

Alhaji ya bar shi ya gama tsaf.

"Oga, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ni ba lissafi ya sa na saya ba. Ina da mota. Shekaruna sun wuce na kwanciya a kan tanki irin na yaran nan masu baburan tsere, wuyana da wuyan hannuna ba za su ɗauka ba. Naka kuma tsani nake buƙata kafin in hau. Wannan ne kaɗai ya ba ni ƙarfin da nake so ina zaune kamar mutum."

Ni a ganina su biyun ba abu ɗaya suke aunawa ba. Oga yana auna babur da mafi munin kilomita goma na hanya, Alhaji yana auna shi da mafi kyawunta. Kuma yawancin masu irin baburanmu da na sani ra'ayin Alhaji gare su, ko da ba su faɗa ba. Tafiyarsu ta ƙarshen mako ce, a zaɓi titi mai kyau, a je a dawo kafin magariba. Wanda babur ne ƙafarsa ta kullum, ko mai shiga ƙauyuka, ba shi da abin yi da wannan.

Bayan Jengre hanya ta fara hawa, duwatsu suka bayyana, iska ta yi sanyi. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, kuma jiki yana sanar da kai tun kafin ka ga gari. Muka shiga ta Farin Gada ana ta lodin kabeji da karas da dankalin Turawa. Da dare muka sha gwaten acca, kowa ya nemi makwanci. Bayana ya yi tsami, ba zan ɓoye ba.

Washegari muka fita ta Bukuru da Mararrabar Jama'a, muka wuce duwatsun Riyom, muka nufi Hawan Kibo, inda titin Jos zuwa Akwanga ke gangarowa daga kan tsauni. Direbobi suna tsoron wurin, da dalili, don manyan motoci kan rasa birki a gangaren. Mai babur kuwa kwanoninsa yake nema. A nan ne rabin halin babur ɗina na tsere ya fito. Injin yana son a ja shi sama, saɓanin tsofaffin baburan Amurka masu gurnani a ƙasa, kuma idan ka sauko giya yana riƙe ka a gangare ba sai ka dafe birki ba. Yana shiga kwana cikin biyayya. Iyakarsa guda ce, idan ka kwantar da shi sosai matakin ƙafa zai taɓa kwalta tun taya ba ta gaza ba, ka ji ƙiiii, dole ka ɗago. Alhaji da muke zaton faffaɗar taya za ta hana shi juyawa, sai ga shi ya ɓace mana, muka tarar da shi a mashigar ruwan Assop har ya cire safar hannu.

A dawowa muka yi musaya, Oga ya hau nawa na hau nasa. Daga sama kana hango titi har bayan motar da ke gabanka, ramuka kuma kamar an cike su, gilashin gaba ya ɗauke iska. Sai da muka zo wani shinge kusa da Riyom, na miƙa ƙafa ina neman ƙasa a kan tsakuwa, babur ya fara rinjaya ta hagu, da ƙyar na tare shi. Nan na ce a ba ni kayana. Oga ya sauko yana dafe da ƙugu, ya ce a kwana ya fi yadda yake zato, birkin ma ba laifi, amma ko kyauta aka ba shi sai ya sauya shokar baya kuma ya jawo matakan ƙafar baya, tunda kamfanin ya yi musu mazauni uku. Na ce ya yi min kuɗin aikin idan mun isa Kano. Autanmu kuma tun a wurin ya fara neman gilashin gaba a wayarsa, ya ga farashin da kuɗin aikowa, ya ce zai ci gaba da shan iska zuwa bayan salla.