Taki goma sha takwas

Shekara biyar na yi a jami'a ina karatun zanen gini, ina zana gidajen tarihi da tashoshin jirgin sama waɗanda ba wanda zai taɓa ginawa. Ka kwana kana yanka kwali kana mannawa, gari ya waye ka tsaya gaban malamai kana zuba bayani kan haske da iska. Ranar da na kama aiki kuwa, oga ya turo mini zanen wani gidan bene ya ce, "Ga banɗakuna da matakala, ka fitar mini da su a 1:20." (Wato santimita 1 a takarda, 20 a gini.) Wata huɗu cur ina fama da banɗaki: ina bututu zai bi, ina ruwa zai gangara, ƙofa in an buɗe ta ko za ta bugi wurin wanke hannu.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa da na zo kan matakalar na yi mata kallon abin wasa. Daga ƙasa zuwa bene mita 3 ne. Na raba gida 18, kowane taki ya tashi kusan milimita 167, faɗin wurin sa ƙafa kuma 280. Na gwada da tsohon lissafin nan na François Blondel, Bafaranshen ƙarni na 17: tsayin taki sau biyu a haɗa da faɗinsa. Ya ba ni 614, daidai da tafiyar mutum. Na buga, na sa hannu, ina jin kaina.

Bayan mako uku aka aike ni wurin ginin. Kafintan da ke haɗa katakon zuba kankare, dattijo ne mai fensir a bayan kunne, ya yafito ni.

"Injiniya, wannan awon naka da tayil ne ko ba tayil?" (A wurin gini duk mai riƙe da takarda injiniya ne, na gaji da gyarawa.)

Na ce, "Kamar yaya, Baba?"

Bai ce komai ba. Ya durƙusa ya zana mini a jikin falanki. Daben ƙasa da na bene za su ci milimita 50 na shafe da tayil, takun matakala kuwa 20 kawai. Ni kuma daga kankare zuwa kankare na auna. Ke nan takin farko zai koma 137, na ƙarshe ya zama 197. Ƙafa ba ta karanta zane. Da ta yi taki uku ta haddace tsayin, sai ta daina neman shawarar ido. Duk wanda ya hau sai ya yi tuntuɓe a sama, kullum, har ranar da za a rushe gidan.

Minti ashirin muka yi muka gyara, shi da fensir, ni da kalkuletar waya ina gumi. Da an riga an zuba kankaren, sai dai guduma da kurfi.

Da daddare na kasa barci, na shiga bin tarihin mutanen da muke manna hotunan gine-ginensu a bango muna ɗalibai. Ashe Gropius da Mies van der Rohe da Le Corbusier duk sun yi zaman yaran ofis a wurin mai zanen gini Peter Behrens a Jamus wajen 1910. Zaha Hadid ta gama karatu a Landan a 1977, amma babban gininta na farko, tashar kashe gobara ta kamfanin Vitra a Jamus, sai a 1993 aka kammala shi, ta haura arba'in. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Francis Kéré, da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Kafinta ne kafin ya zama mai zanen gini.

Har yanzu manhajojin zane na AutoCAD da Revit ne abincina, kuma har yanzu ba a ba ni gini sukutum ba. An dai ƙara mini tagogi da rufi. Amma na sayi tef ɗin awo na mita 5, yana aljihuna ko'ina. Jiya a wani asibiti mai gadi ya same ni tsugune ina auna matakalarsu, ya tambaye ni ko wani abu na yar. Takin ƙarshe ya ɗara sauran da milimita 25.