Bokiti nawa ɗaki da falo ke sha?

Saura sati uku a kawo amaryar ƙanina aka ɗora min aikin fentin ciki da falon da aka gina masa a bayan gidanmu a Tudun Jukun, wai ni ne ɗan boko. Na kira mai fenti, ya shigo ya ɗaga kai ya kalli silin, ya shafa bango da tafin hannu, ko tef bai ciro ba yace "Yallaɓai bokiti biyu za ka kawo, na lita 20." Nace haba Malam, masallacin Juma'a za mu shafe ne? Dariya kawai yayi.

Da daddare na ari tef na zauna da biro. Lissafin ba wani abu bane wallahi. Uwar ɗakan ƙafa 12 ne ta kowane ɓangare, wato kamar mita 3.6, ka haɗa bango huɗun ka samu mita 14.4, ka ninka da tsayin bango wanda yake mita 3, ya baka sukwaya mita 43. Sai ka cire inda fenti bazai taɓa ba, ƙofa tana cin kusan 2, taga mai ƙafa huɗu huɗu kusan ɗaya da rabi, namu taga biyu ne, saura 38. Falon ƙafa 16 da 12 ne, bayan na cire ƙofofi da tagogi ya tsaya a 44. Gaba ɗaya 82 kenan, kuma tunda ba a shafi ɗaya a tashi, sai an maimaita, ya koma 164. Fentin ruwa mai kyau lita ɗaya na rufe wajen sukwaya mita 10 a shafi ɗaya in bangon sumul yake, kaga lita 16 da ɗoriya kenan, bokiti ɗaya har da ragi. Silin POP ne fari abinsa, ban saka shi ba.

Washegari na hau keke napep zuwa Sabon Gari ina jin kaina, na sayo bokiti ɗaya kalar madara, kuma da yake aljihu ya sha wuyar kayan lefe sai na ɗauki mai araha, mai shagon yace ai duk ɗaya ne.

To ashe abu biyu ban saka a takardata ba. Bangon sabuwar filasta ce, ba a yi sikiridin ba, wato shafen da ake yi wa bango don yayi sumul, ba a shafa masa komai kafin fentin ba, kuma sabuwar filasta shan fenti take kamar ƙasar rani ta ga ruwan farko, ina tsaye rola ta wuce kafin ya sake tsomawa wurin ya bushe, launin siminti na leƙowa ta ƙasa. Sannan fentin kansa ruwa ruwa ne, ka tsoma sanda ka ɗaga ya zube sharrr baya kama jikinta, irin wannan in ya rufe 6 ko 7 a lita ka gode Allah. Raba 164 da 6 ka gani, lita 27 ne. Mutumin nan bai san sukwaya mita ba amma hannunsa ya san bango, lokacin da ya shafa shi ranar farko ni na ɗauka yanga ce.

Shi yasa yanzu in abokai suka tambaye ni nake cewa a auna ɗin dai, awo shi ke hana a yi maka ƙari, amma kafin ka raba ka juya bokitin ka karanta abinda kamfanin ya rubuta lita ɗaya na rufewa, ka tambayi mai aikin ko bangon sabo ne ko tsohon fenti za a bi, in kala mai duhu zaka rufe da mai haske ka lissafa shafi uku, sannan ka ɗora kamar kashi 10 cikin 100 saboda zuba da ɗan gyare gyare bayan ƴan jere sun gama goga maka gado da kujeru a bango.

Mu dai fentinmu ya ƙare ana tsakiyar shafi na biyu a uwar ɗaka. Na koma Sabon Gari na ƙaro galan biyu na lita 4, sunan kalar ɗaya, kamfani ɗaya, amma ba haɗi ɗaya bane, da ya bushe sai gashi ya ɗan fi wancan ja. Mai fentin yace da mun juye su wuri ɗaya mun gauraya tun farko da ba mai ganewa. Hajiya ta leƙo ta duba tace a saka wadirof a wannan bangon, kuma har yau a nan yake.